Kajin Inno da Zakaran Ɗan Fari

Duk wanda aka ce wa Sakkwato, zafi ne ke fara faɗo masa a rai. Ba su san ɗarinmu ba. Idan ya sauko da ƙarfinsa ruwan randa kan zama abin gudu, alwalar asuba ta koma gwajin imani, mu yara mu yi ta wasan ɓuya da wanka. A irin wannan lokaci ne ake zuba wa kakarmu garwashi a wani tsohon kasko, a ajiye mata a ƙofar ɗakinta da zarar an gama cin tuwo, mu kuma mu jawo tabarma mu kewaye ta. Inno muke ce mata, ita ta haifi Baba. Ni, Balki, ni ce babba a jikokin da ke gidanmu na Ƙofar Marke, sai ƙanena Nasiru, sai wasu ƙanana da ba na sa su a lissafi, don tatsuniya ba ta kai rabi ba sun yi barci a cinyar mutane.

Inno ba 'yar birni ba ce. Sai da kakanmu ya rasu Baba ya je ƙauye ya ɗauko ta, kuma kayanta duka ba su wuce akwatin ƙarfe, da ƙore, da kwando guda na kaji ba. Baba dillalin shanu ne a kara, kasuwar dabbobi, mutumin da kan dubi bijimi sau ɗaya ya san abin da ke jikinsa. Kaza a wurinsa ba dabba ba ce, kayan miya ce. An ce ya so a bar kwandon a can, Inno ta shimfiɗa tabarma a gindin mota ta gaya wa direba cewa in kaji ba su hau ba, ita ma ba inda za ta.

Kajin nan suna da asali. Dukkansu jikokin wata sagara ce da mahaifiyar Inno ta ba ta tun tana yarinya, kuma takan jero maka wadda ta haifi wadda har ka gaji da ji. Mu dariya abin ke ba mu. Sai da na girma na gane abin da suke a wurinta. A gidan Baba ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba, amma duk abin da ta taɓa daga hannun wani ya fito. Kajin kaɗai ne nata na kanta. Da su take zuwa barka in an haihu a unguwa, da ƙwansu take duba mara lafiya, kuma duk jikan da ya kai wata sura mai wuya a allo ya san akwai ɗan zakaransa. Muddin akwai kaji a tsakar gida, Inno mai bayarwa ce, ba tsohuwar da aka ajiye ana ciyarwa ba.

Kowace kaza da halinta, kuma wallahi wasu halayen ko a mutane sai an tona. Akwai Wake-wake, wadda ba ta yarda ta yi ƙwai ko'ina ba sai cikin turmin Mama in an kwantar da shi, har ya zama sai an leƙa kafin a zuba hatsi. Akwai Mai-tukku, wadda ba ta shan ruwan kasko in dai akwai mai alwala, sai ta tsaya a gabansa tana tsince ɗigon da ke sauka daga gwiwar hannu. Uwarsu duka ita ce Durgu, gajeruwa mai faɗin baya, da ke tafiya kamar an aike ta karɓar haraji. Ita ce ta farko a bakin abinci, ita ce ta ƙarshe a shiga akurki, kuma ko karen maƙwabta ya san ba a bi ta gabanta in tana da 'yan tsaki.

"Wagga ba kaza ba ta," in ji Inno, "uwar gida ta. Ni haya nika yi wurinta."

Da ɗari ya kama, gidan kan koma na kaji. Da safe su jeru a gindin katangar da rana ke fara duka, kowace a tsaye kan ƙafa ɗaya, ta cusa ɗayar cikin gashi, ido a lumshe. Da an kwashe tuwo su ruga murhu su yi ta birgima a toka mai ɗumi, su fito fari fat suna kakkaɓewa a kan wankin Mama. Da magariba kuwa sai rigima, don rabinsu sun fi son su haye bishiyar dogon yaro da ke tsakar gida su kwana cikin iska da su shiga akurkin da aka lulluɓe musu da buhu. Ni da Nasiru ke bin su da gora muna saukowa da su ɗaya bayan ɗaya, Inno na tsaye tana yi musu faɗa da sunayensu. Ƙwai ma kan ɗauke a lokacin, amma ba ta taɓa rage musu dussa ba, da ruwan ɗumi ma take kwaɓa ta. Cikin ruwan shansu kuma kullum akwai ɓawon maɗaci da ɗan barkono.

Duk wannan hidima saboda abu ɗaya ne, ciwon nan da ke bin kaji da sanyi ya share gida a 'yan kwanaki. Inno ta sha ganin ya cinye kajin maƙwabta ya tsallake nata, kuma ta san dalili. Tana da doka guda wadda ba ta ɗaga wa kowa: baƙuwar kaza ba ta shiga cikin nata da ɗari. Ko wa ya kawo, a zaure za a ɗaure ta da kaskonta daban, sai Juma'a ta zagayo an ga lafiyarta.

"Kazak kasuwa ta sha ruwa da kowa," haka take cewa. "Ba ka sanin mi tak kwaso sai ta zauna."

Akwai wani abu kuma da sai an san shi za a fahimci abin da ya faru. Baba ɗan farin Inno ne, ita kuwa irin mutanen da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama su yi hira. Tun da aka yaye shi aka kawo shi birni wurin wan mahaifinsa, a can ya tashi. Ko da ta dawo gidansa da zama, abin bai canza ba. Kullum da safe yakan durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice fuskarta na wajen bango. In akwai magana, ni ce waya. Yana tsaye, tana zaune, tsakaninsu bai fi tabarma ɗaya ba, sai ta ce, "Balki, hwaɗa ma mutumen ga ruwa na shiga ɗaki." Shi kuma ya ce, "Balki, ce ma Inno za a gyara." Nasiru, da yake shaƙiyyi ne, yakan matso ya ce, "Inno, wai mi as sunan Baba?" Ta rarumi mafici ta bi shi, mu yi ta dariya. A lokacin wasa muka ɗauki abin.

A shekarar da nake ba da labari, muzuru ya ɗauke zakaran Inno ana gab da shiga sanyi. Ba ta kai ƙara wurin kowa ba, kajin take yi wa mita tana watsa musu tsaba, wai ga su nan zawarawa ba mai yi musu cara. Ashe akwai mai ji. Wata rana da la'asar Baba ya dawo daga wata kasuwar ƙauye da jan zakara a hammata, ƙato, mai doguwar wutsiya. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne bai miƙa wa yaro ba, bai kuma aiko Mama ba. Da kansa ya ratsa tsakar gida da babbar rigarsa, ya durƙusa a gaban Inno, ya kwance igiyar ƙafar zakaran, ya sake shi.

"Balki, ce ma Inno ga mai gida na samo ma kajinta."

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Murmushi yake ɓoyewa irin na yaron da ya kawo wankakken allo. Zakaran kuwa ya kakkaɓe jiki, ya taka kai tsaye zuwa kaskon ruwa ya tsoma baki, kajin suka kewaye shi. Na dubi Inno ina jiran ta tashi gidan da faɗa. Ba ta motsa ba. Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Inno, ba a ɗaure shi zaure?"

Ta kai hannu ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har yau in na tuna sai na shafa wurin.

"Hwaɗa mai an gode," ta ce. "Allah shi yi albarka, shi ba shi masu yi mai."

Baba ya daɗe a tsaye yana kallon zakaransa na zagaya kaji kafin ya wuce masallaci.

Da daren nan aka kawo kasko kamar kullum. Inno ta daɗe tana juya garwashi da ɗan kara, har Nasiru ya fara ƙorafi. Can ta gyara lulluɓi ta ce, "Ga ta nan tahe, wa ka tarbe ta?" Muka ce mu ne. Ta soma, da murya sama da yadda ta saba.

Wai a zamanin da dabbobi ke magana, an yi wata kaza da ta ƙyanƙyashe ɗanta na fari, aka ɗauke shi aka kai shi riƙo gidan maƙeri. A bakin wuta ya girma, har gashinsa ya yi ja, kuma bai san wuta da wani hali ba sai na alheri, don ita ke ba shi ɗumi, ita ke ciyar da gidan da ya tashi. Wata shekara aka yi ɗari mai tsanani. Labari ya kai masa cewa uwarsa na can ƙarƙashin rumbu tana kwanci a kan ƙwai, sanyi na kaɗa ta. Ya duba duk gidan maƙeri bai ga abin da ya fi garwashi daraja ba. Sai ya zaɓi mafi ja, ya sa a tsingaro, ya ɗauko da bakinsa tun daga can, yana tafe yana hutawa, har ya ajiye shi a gefen sheƙar uwarsa. Sheƙar kuwa busasshiyar ciyawa ce. Ya ja da baya ya tsaya, yana jiran ya ga ta yi murna.

Nan Inno ta dakata, ta bi mu da kallo.

"To, in ku na, mi za ku yi?"

"In yi mashi hitsari shi mutu," in ji Nasiru. Muka fashe da dariya, har ƙananan suka motsa cikin barci.

Ni kuwa da nake ganin na fi kowa wayo na ce, "Sai in hwaɗa mai gaskiya, in ce ɗauke abinka, wuta ta."

"Da wane baki?" in ji Inno. "Ɗan fari na. Kuma tun da anka haihe shi bai taɓa kawo mata komi da hannu nai ba sai rannan. In tat ture, yaushe za shi koma kawowa?"

Ta ci gaba. Wai sai kazar ta yi godiya, ta ɗaga kai sama kamar mai duban shirwa, a ƙasa kuwa tana tono da ƙafa tana watsa ƙasa baya, ko za ta binne garwashin ba tare da ɗan ya lura ba. Ɗan ya ga an karɓi kyautarsa, ya juya ya tafi da farin ciki. Amma ƙasar ɗari tauri gare ta, abin da ta tono bai rufe komai ba. Iska ta taso, ciyawa ta kama, sheƙa ta ƙone da ƙwan da ke ciki, ita kanta da ƙyar ta fita. Shi ya sa har gobe in kaza na tono ba ta duban ƙafarta, sai ta gama ta ja baya ta leƙa. Shi ya sa kuma duk inda ta ga toka sai ta shiga ta yi ta birgima, ƙwanta take nema.

"Shi ɗan ya sani?" Nasiru ya tambaya.

"Wa za ya hwaɗa mai?" Ta ture kaskon gefe. "Ta ƙare nan. Kowa shi nemi makwanci nai."

Mun tashi muna gunaguni, don ba irin tatsuniyar da muke so ba ce. Ba waƙa a ciki, ba wanda aka yi wa wayo, ba mugun da ya sha duka. Nasiru ya ce Inno ta fara tsufa, tatsuniyarta ba gishiri. Ko kusa ban haɗa ta da jan zakaran da ke kwance cikin akurki a daren ba, ni da na yi tambayar zaure da bakina.

Kwanakin da suka biyo baya Inno ta ninka maɗaci a ruwa, ta ƙara barkono, ta share akurki ta zuba sabuwar toka. Zakaran dai ba ta ɗaure shi ba. Gatan da ta yi masa ma ko Durgu ba ta samu ba, gero zalla take ba shi.

Mai-tukku ce ta fara. Da safe Mama na alwala ba ta zo ba, aka same ta a gindin katanga ta saki fukafukai har ƙasa tana gyangyaɗi. Kafin azahar wuyanta ya murɗe. Inno ta tsuguna ta dube ta, ta dubi kashin da ta yi, ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Balki, ce ma mutumen ga shi taho da wuƙa, kar ta tahi banza."

A gidanmu namiji ke yanka, namijin kuwa Baba ne. Haka aka shiga. Yau biyu, gobe uku, wata ma kafin a kira shi daga kara ta riga ta mutu sai dai a jefar. Wake-wake a cikin turminta aka same ta. Baba kan dawo, a nuna masa, ya fuskanci gabas ya yanka, ya wanke wuƙa, ya shige ɗaki. Mu yara da fari biki muka ɗauka. Nama a miyar rana, nama a ta dare, Nasiru har yana yi wa yaran unguwa gori. Ba a jima ba ƙamshin ma ya fara tayar mana da zuciya. Inno ko romo ba ta taɓa ba, da kuka take cin tuwonta. Mama ta so ta rarrashe ta, ta ce, "Haƙuri, Inno, sabo da kaza ba shi hana yanka."

"Na sani, ɗiyata," ta ce. "Na yanka ma baƙi, na yanka ma masu jego. Wanga ba yanka ba na, kwasa ta."

Durgu ta ɗauke ta kai ɗakinta, ta kife ta da kwando a ƙarƙashin gado, kusa da inda ake ajiye kasko. Tana buɗe mata baki tana ɗiga ruwan magani, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Har mun fara cewa wannan ta tsira. Wata safiya Baba ya zo gaisuwa, ya durƙusa a inda ya saba, sai Inno ta fito da Durgu a hannu, kanta na lilo. Ba ta kira ni ba. Ta ajiye ta a gabansa, ta koma ciki ta saki labule. Ina daga bakin madafa ina kallo. Baba ya daɗe a durƙushe da kazar a gabansa kafin ya ce Nasiru ya miƙo wuƙa.

Jan zakaran kuwa ko atishawa bai yi ba. Shi kaɗai ya rage a tsakar gida, yana hawa turmi yana cara, yana tono yana kiran kajin da babu. Mama ta so a yanka shi, Inno ta hana. Maƙwabta suka yi ta tayin sagara bayan sanyi ya wuce, ta ce a'a, ba irin ba ne. Wata da Inno ta taɓa ba wa 'yar Durgu aka je tambaya, ashe su ma ciwon ya share su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo daga baya. Matar maƙwabcinmu ta haihu, Inno ta yi wanka ta ɗaura zanen fita, ta zo tsakar gida ta tsaya tana dube-dube kamar ta manta wani abu. Sai ta koma ɗaki ta kwance zanen. Baba ya ji, ya aiko da cinyar rago a kai mata ta tafi da ita. Ta ce in kai gidan jegon in ce daga mai gidanmu. Tun daga ranar ba ta ƙara zuwa barka ba, ba ta ƙara zuwa dubiya ba. Tatsuniya ba ta daina ba, amma ta gajarce, don da yawancin labaranta daga abin da kajin suka yi da rana take ƙago su. Ba ta yi shekaru masu yawa bayan haka ba Allah ya karɓi abarsa. Zakaran ya riga ta da kaɗan, tsufa ne ya kashe shi.

Na daɗe ina riƙe da tatsuniyar nan ba tare da na san nauyinta ba. Da na yi hankali na gane da wa take, sai na ɗora wa Baba laifi a zuciyata, na ce mutumin da ya san ciwon shanu tun daga nesa ya kasa tunanin kaza ma rai gare ta. Daga baya kuma na koma jin haushin Inno da kunyarta, kalma ɗaya da ta hana duk wannan. Yanzu ina aure a unguwar Minanata, ina da 'yan kajina a bayan gida, kuma kafin sanyi ya shigo ake zuwa a ɗiga musu rigakafi a ido, abin da ba ya ɗaukar lokacin shan shayi. Duk ranar da aka zo sai na tuna ɓawon maɗacin Inno, raina ya ɓaci.

Sanyin bara na kai yarana Ƙofar Marke. Baba ya tsufa, ya bar zuwa kara, yawancin yini yana kan kujera a tsakar gida da bargo a kafaɗa. Bayan magariba aka ɗauke wuta, wayoyi suka mutu, yara suka dame ni sai na yi musu tatsuniya. Ban san abin da ya kawo wannan bakina ba. Na ɗauka Baba gyangyaɗi yake. Ina cikin ba su, na ce ɗan ya ɗauko garwashi a sakaina.

"Tsingaro," in ji Baba daga kujerarsa. "Sakaina ƙonewa za ta yi."

Ashe yana ji. Na daure na kai ƙarshe. Ƙaramar 'yata ta ce, "Mama, shi ɗan bai sani ba?" Na buɗe baki zan ba ta amsar Inno, Baba ya riga ni.

"Ya sani."

Da yaran suka shiga wurin kakarsu, na matsa kusa da shi. Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce shi bai taɓa samun tatsuniyar Inno yana yaro ba, an ɗauke shi tun bai iya magana ba. Da ta dawo gidansa, duk daren da ta tara mu, yakan zauna a bayan ƙofar ɗakinsa ya saurara, da gemunsa da komai. Daren zakara ma yana nan, kuma tun kafin ta kai wurin iska ya gane.

"Jikina duk yam mutu, Balki. Ni da ba ni haɗa sabuwas saniya da garke sai na ga kashinta. Da asuba ina hitowa masallaci nic ce bari in kama shi in hitar tun ba ta tashi ba, in ce ɓarawo ya ɗauka."

"Mi yah hana, Baba?"

Ya ja bargo ya rufe gwiwa.

"Na ishe ta riga ni. Tana tsugune bakin akurki, ta buɗe mai shi ɗai, gero cikin tahin hannunta yana ci. Ba ta gan ni ba. Ji nay yi tana ce mai, ci, ɗana, ka sha tahiya, ka gaji." Ya dubi ƙofar ɗakin Inno. "Ban taɓa jin kalmag ga bakinta ba. Sai in sa hannu in ɗauke?"

Ya ce ya koma da baya a hankali ya shige ɗaki. Ya ce kowace kaza da ya yanka a makon nan ya san shi ya kawo mata wuƙar tun daga kasuwa, kuma ya so ya ce a gafarce shi, amma in ya faɗa, ta san ya ji, duk wahalar da ta sha ta ɓoye masa ta tashi a banza.

Na yi kuka a daren, ba don kajin ba, sai don mutum biyu da suka zauna gida ɗaya shekara da shekaru, kowanne na tattalin zuciyar ɗan'uwansa ta bayan labule, har abin da suke tattalin ya cinye su. Ni ban riƙe kunyar ɗan fari ba. Nawa ɗan farin da sunansa nake kiransa, in ya yi ba daidai ba in faɗa masa a ido, har tsofaffin unguwa na cewa ba ni da ta ido. Amma na daina cewa na fi Inno wayo. Na sha faɗa wa ɗana gaskiya, ban sani ba ko na taɓa ba shi abin da ya kai garken kaji.

Abin da ke damuna har yau shi ne ni ce wayarsu. Duk maganar ruwan ɗaki da ta gyaran katanga ta bakina ta bi, amma wannan guda ɗaya da ta fi kowace, ba wanda ya aike ni da ita. Inno ta tafi kabari tana ganin ta rufa wa ɗanta asiri bai san abin da ya jawo ba. Shi kuma ya bar ta a haka, yana sane, don bayan zakaran ba shi da wata kyauta da zai iya ba ta sai wannan.